Injin matsi na gareji

Injin matsi na gareji wata na'ura ce ta ƙarfe da ake cusa wani ƙarfe cikin wani da ita, ko a fitar da shi, a hankali kuma a miƙe, ba tare da duka ba. Yawancin irin waɗannan injuna suna aiki ne da matsin mai, wato haidirolik, kamar jak ɗin da ake ɗaga mota da shi. Aikin da aka fi saninsa da shi a gyaran ƙananan motoci shi ne cire tsohon boris na ƙafar mota da sa sabo. Ana kuma sa bushin da shi, a miƙar da ƙarfen da ya lanƙwashe. Ana ƙera ƙananansa domin masu gyaran motarsu a gida, musamman a Amurka da Turai inda ladan makanike yake da tsada.

Abin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin injin shi ne yawan tan ɗin da zai iya matsawa, kuma shi mai saye ya fi dubawa. Amma a aikin boris ba kasafai ƙarancin tan yake hana aiki ba. Abin da ya fi kawo cikas shi ne ƙuncin injin, da rashin kayan tokarewa da suka dace, da kuma rashin sanin ɓangaren boris ɗin da ya kamata ƙarfin ya bi ta kansa.

Suna

Injin ba shi da tsayayyen suna guda a Hausa. Wasu kanikawa suna kiran sa da sunansa na Turanci bayan sun daidaita shi da lafazin Hausa, wasu kuma suna siffanta shi da aikinsa. Haka yawancin kalmomin gareji suke, na aro ne: birki, giris, sifana, fistin, bawul, da shi kansa boris. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa ake cusa wasali a tsakaninsu kamar yadda ake gani a birki da giris. A Najeriya da Gana an fi aro daga Ingilishi, a Nijar da Chadi kuma daga Faransanci, don haka abu guda yakan samu suna biyu. A wannan maƙala, ƙarfen da boris yake zama a cikinsa, wanda yake haɗe da shokozoba da sandar sitiyari, an kira shi gwiwar ƙafa. Ƙarfen da ake ɗaura taya a kansa kuwa shi ne hob.

Tarihi

Tushen injin yana cikin binciken Blaise Pascal, masanin lissafi ɗan ƙasar Faransa, wanda aka buga littafinsa a kan ruwa da matsi a shekarar 1663, bayan rasuwarsa. Ya nuna cewa idan aka matsa ruwan da ke cikin rufaffen mazubi, matsin yana isa kowane sashe na mazubin daidai wa daida. An ɗauki fiye da shekara ɗari kafin a mayar da wannan ilimi inji mai amfani, domin babu abin da zai hana ruwan tsiyaya ta gefen fistin idan matsi ya yi yawa. Joseph Bramah, maƙerin makullai a Landan, shi ne ya yi rajistar injin matsi na haidirolik a shekarar 1795. Ana danganta zoben fatar da ya magance tsiyayar ga Henry Maudslay, wanda yake aiki a ƙarƙashinsa a lokacin.

Shi ma boris yana da nasa tarihin. Henry Timken ya yi rajistar boris mai 'ya'ya masu tsukakken kai a Amurka a 1898, sannan aka kafa kamfanin SKF a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin a 1907.

Yadda yake aiki

Injin ya ƙunshi firam na ƙarfe, da gado wanda ake ɗora aiki a kansa, da silinda mai tura sanda zuwa ƙasa. Gadon yana zaune a kan ƙusoshi biyu masu kauri da ake zurawa cikin ramukan ginshiƙai, ta haka ake ɗaga shi ko a sauke shi. Sifirin biyu ne suke mayar da sandar sama idan aka buɗe bawul.

Ƙarfin yana fitowa ne daga bambancin girman fistin biyu. A ɗauka fuskar ƙaramin fistin ta kai santimita murabba'i 1, ta babban kuma 50, sannan hannun famfon yana ninka ƙarfin mutum sau 20. Idan mutum ya danna da nauyin kilo 20, ƙaramin fistin zai samu kilo 400, babban kuma ya tura da kilo 20,000, wato tan 20. Sai dai abin da aka samu a ƙarfi ana biyan sa a tafiya. Kafin babban fistin ya motsa milimita 1, sai ƙaramin ya yi milimita 50, hannun mutum kuma ya yi mita guda. Boris mai tsawon milimita 42 zai ci wa hannu tafiyar mita 42 a irin wannan inji, a bugu-bugu. Wannan jinkiri ba aibi ba ne. Shi ne yake ba mai aiki damar ganin cewa boris ya fara karkacewa tun bai yi ɓarna ba, abin da guduma ba ta bayarwa.

Motocin da suke buƙatarsa

Ba kowace mota ce take buƙatar injin matsi ba, kuma wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara amsawa kafin a yi maganar saye.

Tsofaffin motoci da yawa suna amfani da boris biyu masu tsukakken kai a ƙafafun da inji ba ya juyawa, kamar ƙafafun gaba na Mercedes-Benz W123 da na baya na Volkswagen Golf 2 da Golf 3. Irin wannan ana wanke shi, a sake masa giris, a ɗaure notinsa daidai gwargwado. Zoben wajensa yana fita da ɗan bugu kaɗan-kaɗan ta baya, saboda haka inji ba dole ba ne.

Masana'antun boris suna kasa na zamani zuwa zubi uku. Zubi na farko dunƙulallen boris ne mai layi biyu na 'ya'ya, an cika shi da giris an rufe tun daga masana'anta. Ana cusa shi da ƙarfi cikin gwiwar ƙafa, sannan a cusa hob cikinsa. Shi ne a ƙafafun gaba na motoci masu yawa da gaba yake ja, irin su Toyota Corolla da Camry da Honda Civic na shekarun 1990 da 2000, da Accord na shekarun 2000, da Golf 3, da Peugeot 406. Wannan shi ne ainihin abin da ake sayen injin matsi dominsa. Zubi na biyu yana zuwa da leɓe guda a jikinsa. Zubi na uku kuwa hob ne da boris a haɗe, ana ɗaure shi a gwiwa da noti uku ko huɗu, kuma sifana da soket sun isa a canza shi. Mota guda tana iya ɗaukar iri biyu: Corolla ta shekarun 2000 tana da na cusawa a gaba, na ɗaurewa a baya.

Akwai wani ɗan tsaka-tsaki da yake yaudarar mutane, wanda ake samu a wasu Volkswagen Polo da Skoda Fabia. Yana zuwa haɗe da hob ɗinsa amma cusa shi ake yi. Tunda leɓen hob ya rufe zoben waje, dole sai da wani maƙali na musamman mai rabi biyu da yake shiga bayan leɓen. Wanda ya ɗora shi a inji ya danna hob kai tsaye ya lalata shi, ko da injin na tan nawa ne.

Dalilin da ya sa zubi na farko yake buƙatar ƙarfi shi ne, da gangan ake yin boris ɗin ya ɗara raminsa kauri da ɗan abin da bai kai kaurin gashi ba, wasu 'yan ɓangarori cikin ɗari na milimita. Wannan matsewa ce take hana shi juyawa a cikin gwiwa. Lambar da ke jikinsa takan faɗi girmansa. Misali DAC40740042 na nufin ramin ciki milimita 40, faɗin waje milimita 74, tsawo milimita 42.

Yawan tan

Girman da aka fi samu a kasuwa shi ne tan 6, 10, 12, 20, 30 da 50. Tan ɗin ma ba ɗaya ba ne. Na Amurka kilo 907 ne, na ma'aunin mita kuwa kilo 1,000, don haka injin da aka rubuta wa tan 20 a Amurka bai wuce tan 18 da 'yan kai ba a ɗaya lissafin.

Sa sabon boris cikin rami mai tsabta ba ya cin ƙarfi sosai. Cire tsohon ne yake wahala, musamman idan tsatsa ta haɗe shi da gwiwa. A arewacin Amurka da Kanada da arewacin Turai ana zuba gishiri a kan titi lokacin sanyi domin narkar da ƙanƙara, kuma gishirin yana cin ƙasan mota. Wannan ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye, domin yawancin motocin hannu da ake shigowa da su ta tashoshin Kwatano da Lome da Legas daga waɗannan ƙasashe suke fitowa. Motar da ta yi shekaru a Kano ko Maraɗi, inda iska take a bushe, tana iya kasancewa da tsatsar da ta taho da ita daga can.

Injin tan 6 yakan gaza a irin wannan hali, kuma galibi gajere ne na kan tebur. Na tan 12 yana yin yawancin aikin ƙananan motoci. Na tan 20 ne masu gyara a gida suka fi yabawa, ba don boris yana buƙatar tan 20 ba, sai don firam ɗinsa ya fi faɗi da kauri, kuma injin da yake aiki a rabin ƙarfinsa ya fi aminci a kan wanda ake kaiwa maƙura kullum. Daga tan 30 zuwa sama na manyan motoci ne da garejin kasuwanci. A gida ɓarnar kuɗi ce da wuri, ga shi kuma yana iya murƙushe gwiwar alminiyam kafin mai aiki ya ankara.

Faɗi da gini

Gwiwar ƙafa ba ta da siffa mai daɗin ɗorawa. Tana da hannuwa da suka miƙe ta ɓangarori dabam-dabam, ɗaya na shokozoba, ɗaya na sitiyari, da kunnuwan da ake ɗaure birki. Ma'auni uku ne suke nuna ko za ta zauna: faɗin da ke tsakanin ginshiƙai biyu, da tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyu na gado, da nisan da ke tsakanin sanda da gado idan an sauke shi ƙasa. Na tsakiyar ne aka fi mantawa da shi. Idan ana fitar da hob, ƙasa yake faɗowa, kuma leɓensa ya fi boris faɗi nesa ba kusa ba. In bai iya wucewa ta tsakiyar gado ba, sai an ɗaga gwiwar a kan dogayen tubalan ƙarfe, wanda hakan yake cinye tsayin da ake da shi, ya kuma sa aikin ya yi ta rawa. Mafita ita ce a auna gwiwa da hob na motar da za a gyara kafin a je kasuwa.

Ta fuskar siffa, akwai firam mai kama da harafin H, da mai kama da A, da mai kama da C. Mai siffar H ne ya fi dacewa da boris domin gadonsa yana hawa da sauka sosai. Mai siffar A yana tsukewa ta sama. Mai siffar C a buɗe yake ta gaba, amma yana ɗan buɗewa idan ƙarfi ya yi yawa. Akwai kuma ƙaramin injin hannu mai haƙora wanda ba ya amfani da mai, ƙarfinsa bai cika wuce 'yan tan kaɗan ba, ya fi dacewa da ƙananan boris irin na janareta da injin ban ruwa.

Injuna masu araha suna amfani da jak mai siffar kwalba, a tsaye a kan wani faranti mai sanda a ƙarƙashinsa. A tsaye ake sa shi domin jak na yau da kullum ba ya aiki idan aka kifa shi, saboda famfonsa daga gindi yake jan mai. Amfanin wannan tsari shi ne idan jak ya mutu sai a sayo wani a ɗora. Illarsa kuma farantin yana da ɗan wasa hagu da dama, sandar tana iya sauka a karkace. Masu tsada suna da silinda dabam da famfo dabam, wasu ana iya zame silindar gefe, kuma galibi suna da geji. Geji yana da amfani fiye da yadda ake zato: idan allura tana hawa amma babu abin da yake motsi, alama ce cewa wani abu ya tokare, sau da yawa zoben kulle ne da aka manta ba a cire ba. Akwai masu haɗawa da kwamfaresa domin sauri, amma a aikin gida, inda mutum zai canza boris biyu ko huɗu a shekara, saurin ba shi da wani tasiri.

Wajen duba inganci, a kalli kaurin ƙarfen gado da na saman firam, da kaurin ƙusoshin da suke riƙe gado, da kyan walda. Injin da aka haɗa da noti yana bukatar a daidaita shi ya tsaya cak kafin a ƙarasa ɗaurewa. A Turai ana neman alamar CE a jikinsa, a Amurka kuma ƙa'idar ASME PASE ta kayan gyaran mota ta haɗa da irin wannan inji. A wuraren sana'ar ƙarfe kamar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Suame a Kumasi, masu walda suna iya haɗa firam a ɗora masa jak ɗin babbar mota. Irin wannan yana aiki, sai dai lambar da ke jikin jak ba ta faɗin abin da firam ɗin zai iya ɗauka.

Kayan tokarewa

Inji shi kaɗai ba ya canza boris. Ana buƙatar faranti biyu masu kauri na kan gado, da jerin kofuna da fayafayan ƙarfe masu girma dabam-dabam, da filaya ta cire zoben kulle. Farantan da suke zuwa da wasu injuna masu araha na ƙarfen zubi ne, wanda ba ya lanƙwasa, sai dai ya fashe farat ɗaya. Shi ya sa da yawa suke musanya su da na yankakken ƙarfe. Kanikawa sukan ajiye tsofaffin zobban boris, su ɗan rage musu kauri da injin gurza domin kada su maƙale, su riƙa turawa da su. Dabara ce mai kyau, domin babu abin da ya kai tsohon zobe dacewa da girman sabon.

Idan aka fitar da hob, kusan kullum rabin zoben ciki yakan biyo shi ya maƙale a wuyansa. Ana cire shi da maƙali mai baki biyu da yake shiga ƙarƙashinsa, ko a tsaga shi da injin yanka a ƙarasa da kurfi, tare da kiyaye wuyan hob ɗin. Wannan ma yana nufin cewa boris na zubin farko ba ya sake amfani da zarar an cire hob.

Inda ƙarfi yake bi

Ƙa'idar aikin guda ce: ƙarfi ba ya ratsawa ta cikin 'ya'yan boris. Lokacin da ake cusa boris cikin gwiwa, zoben waje kaɗai ake turawa. Lokacin da ake cusa hob cikin boris, sai a tokare zoben ciki ta ƙasa, ba gwiwar ba. Idan aka saɓa, 'ya'yan suna lotsa hanyar da suke gudu a kai, su bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani daga waje. Injiniyoyi sun sa wa wannan lahani sunan Johan August Brinell, ɗan Suwidin da ya fito da gwajin taurin ƙarfe a 1900 ta hanyar danna ƙwallo a kansa. Boris ɗin da ya samu wannan rauni yana shiga lafiya, amma ba ya daɗewa sai ya fara gurnani, a ɗora laifin a kan mai sayar da kaya.

A motoci masu birkin ABS, wasu boris suna ɗauke da maganaɗisu a cikin murfin gefe guda. Wannan gefen ne yake fuskantar na'urar da take ƙirga juyawar taya. In aka juya shi, fitilar ABS za ta kama, kuma babu gyara sai an sayi wani, tunda cirewa tana lalata shi.

Wasu suna sa sabon boris a firiza kafin aiki. Ƙarfe yana tsukewa da kimanin kashi 12 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri guda, saboda haka boris mai faɗin milimita 74 da aka sanyaya da digiri 50 zai ragu da kusan milimita 0.04, wanda ya isa ya sauƙaƙa shigarsa. Gasa boris da wuta kuwa yana ƙona giris da robar murfinsa.

Aikin ba ya ƙarewa a kan inji. Babban notin shaf ne yake matse rabi biyu na zoben ciki, kuma kowace mota tana da adadin ƙarfin da ake ɗaure shi, wanda a motoci da yawa ya haura mita-Newton 200. Ba a sauke mota a tura ta kafin a ɗaure shi. Tunda an kwance gwiwa daga shokozoba, sau da yawa sai an sake saita ƙafafun.

Haɗari

Ƙarfen da yake ƙarƙashin tan 10 ko 20 yana tara ƙarfi kamar bakan da aka ɗana. Idan tsatsa ta saki, yakan saki ne da ƙara mai firgitarwa, kuma duk abin da aka jera a karkace yana iya tashi. Zoben boris ƙarfe ne mai tauri da yake tarwatsewa kamar gilashi, ɓarɓashinsa kuma yana huda fata da ido. Ana sa tabaran kariya, a tsaya a gefe, a rage yawan abubuwan da aka ɗora kan juna, a kafe ƙafafun injin a ƙasa. Ƙara wa hannun famfo tsawo da bututu yana kai jak da firam inda ba a ƙera su su kai ba.

Madadinsa

Akwai kayan aiki mai doguwar sanda mai zare da kofuna, wanda yake jawo boris ya fitar, ya kuma jawo sabo ya shigar, alhali gwiwar tana jikin mota. Yana shiga cikin akwati ɗaya, kuma tunda ba a kwance shokozoba ba, saitin ƙafa ba ya lalacewa. Rauninsa shi ne zaren sandar yana cinyewa idan boris ya yi tsatsa sosai, musamman in ba a shafa masa giris ba.

Hanya ta biyu ita ce mutum ya kwance gwiwar da kansa, ya kai ta wurin mai inji a cire tsohon a sa sabo, ya dawo ya ɗaura. Ga mai mota ɗaya wannan ya fi araha, domin boris mai kyau yana shekaru bai buƙaci canji ba, injin kuma zai tsaya yana cin wuri. A garuruwan da ake da unguwannin kanikawa, kamar Kano da Kaduna da Yamai, wannan hanya ce ta fi yawa, har su kansu ƙananan kanikawa sukan ɗauki gwiwa su kai wa wanda yake da injin. Inda babu inji kusa, akan koma ga guduma da guntun bututu, kuma a nan ne ake yawan lotsa sabon boris tun kafin motar ta bar gareji.